Jirgin Babanku da Shekarar Fari

Ƙarar almakashi ce mafarin komai. Ina zaune a ƙofar ɗaki da hantsi ina ɓarar gyaɗa, sai na ji wani ƙaras-ƙaras yana fitowa daga rumfa, kamar ɓera ya sami ƙwarya. Na leƙa, na tarar da babanku a kan buzunsa, ya ɗauki almakashin ɗinkina yana yanka gwangwanin madara, harshensa a gefen baki kamar yaro mai koyon rubutu.

"Malam, wannan almakashin fa da shi nake yanka atamfa."

"Ara mini shi, Malama. Tukunyar jirgi nake so in fitar."

Malama yake ce mini, don na yi sakandare a Kano kafin aure, abin da ba a saba gani ba a wajenmu a lokacin. Ban gane wace tukunya yake nufi ba, amma na bar masa almakashin, domin rabona da in ga hannunsa a kan wani aiki tun ranar da muka sauke kayanmu a Gaya.

Saboda ku nake rubuta wannan, 'ya'yana da jikokina. Na san abin da kuka tashi kuna ji a gari. Wasu sun ce babanku ya taɓa riƙe ruwan sama har amfanin gona ya ƙone. Wasu kuma, masu son faranta muku, sun ce Baffanku Habu ne ya rushe masa aikinsa don mugunta. Duka biyun ba haka aka yi ba, kuma manyan da suka gani da idonsu sun ƙare, saura ni.

Babanku ya daɗe yana aikin reluwe, shi ne mai zuba kwal a wutar jirgi a layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Hayaƙi da ƙurar kwal suka zauna masa a ƙirji, har likita ya ce in yana son ransa ya bar bakin wuta. Muka dawo gidan gado a Gaya, inda wansa Habu yake riƙe da gonakin gidan. Ya gwada noma, amma kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya dafa fartanya yana tari har idonsa ya kaɗa. Baffa Habu ya ce ya zauna, abin da aka noma na kowa ne. Ya zauna ɗin, amma zaman ya fi tarin cin sa. Mutumin da ya saba kullum gari ya waye masa a wani gari, sai ga shi daga rumfa sai masallaci. Gaya kuwa babu layin dogo, ko usur ɗin jirgi ba ya isowa. Nakan ga ya karkata kunne in wata babbar mota ta yi kuka daga nesa, sannan ya sunkuyar da kai. Tuwon da na kai masa haka nake ɗauke shi, ya ɗan gutsuri gefe don kada in yi magana.

To, daga gwangwanin nan kan jirgi ya fito, baƙi wuluk, don da baƙin tukunyata ya shafe shi, ya kwaɓa da ƙaro yadda ba zai goge ba. Ƙafafunsa murafen kwalba ne, bututun hayaƙinsa hancin wata tsohuwar butar shayi. Taragun kuwa da karan dawa ya yi su: ya fere ɓawon ya tsaga siri-siri, ya yanyanka totuwar, ya haɗa su da ƙayar aduwa a maimakon ƙusa. Da ya gama sai ya ce jirgi ba ya bin ƙasa haka kawai kamar jaki. Ya kwaɓa yumɓu ya ja tudun layi, ya jera guntayen kara a gicciye, ya shimfiɗa langalangar ɗaurin kaya a kai. Layin ya fita daga rumfa, ya bi gindin katanga, ya zagaya bishiyar lemun tsami, ya nufi rijiya. Kano tana bakin rumfa, Nguru tana kusa da rijiya, a tsakani ga Ringim, ga Gagarawa, ga Malam Madori, kowace da ɗakin tasharta da aka shafa wa farar ƙasa, da tankin ruwa, da sigina mai hannu da ake ɗagawa da zare. Akwai wata kuka da ya ce tana nan in an wuce Taura. Ya ƙera ta, ya dube ta, ya rushe, ya sake, wai ta gaskiyar ta fi haka karkata gabas. Ni ma sai na tsinci kaina a ciki. Na yanka tsohon buhu na ɗinka 'yan buhunhuna kamar ɗan yatsa, na cusa musu yashi, muka tara dalar gyaɗa a tashar Kano. Ragowar shunin wankina shi ya zama ruwan kogi a ƙarƙashin gada.

Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya ƙera mutum ko dabba. A gidan malamai na tashi a Ajingi, ba na son siffar mai rai a gidana.

"To, Malama, jirgin nan wa zai ɗauka? Iska?"

'Yarmu Safiya ce ta raba mu. Ita ce ƙarama a lokacin, ba ta wuce shekara biyar ba, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata uwata. Ta ɗebo gyaɗa mai ɓawo daga ƙwaryata ta jera a bakin tasha, ta ce su ne fasinja. Kowace ta ba ta suna. Doguwar mai 'ya'ya uku ita ce mai unguwa, ƙanƙararriyar kuwa Gwaggo Tabawa ce, tsohuwar da katangarmu ta haɗu da tata, wai za ta Kano sayen kwano. Da zare ake jan jirgin. Babanku yakan bi layin a durƙushe yana ja, yana kukan jirgi da baki har tari ya tsayar da shi, ya ce an tsaya shan ruwa.

"Baba, na gasken ma zare ake ja masa?"

"A'a, uwata. Shi da kansa yake tafiya."

"To wannan yaushe zai tafi da kansa?"

"Ranar da Allah ya ba shi iko."

Ba ta gajiya da wannan tambaya, shi kuma bai taɓa sake amsa ba.

Ya koma cin abinci. Wannan ne abin da nake so ku riƙe. Ya koma zama a majalisa, ana zolayarsa ana ce masa Mai Jirgi, yana ramawa. Matan unguwa da ba su taɓa taka Kano ba sukan shigo bayan la'asar su tsaya suna kallo, ina nuna musu inda ake sayen tikiti. Da damina ta gabato ya aika Kano aka sayo masa tsohon tamfol, irin wanda ake rufe gyaɗa da shi, ya yanka shi dogo-dogo. In hadari ya taso sai mu fita ni da shi, mu lulluɓe layin daga rumfa har rijiya, mu danne gefe da duwatsu. Daminar farko da ta biyu haka muka yi, kowa yana gani ta saman katanga, ba wanda ya ce komai sai dariya.

Sai shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Wadda ta gabace ta ma ruwa bai wadata ba, rumbuna sun yi ƙasa. Aka yi shuka da yayyafin farko, gero ya tsiro ya kai tsawon tafin hannu, daga nan sama ta kulle. Ganye ya nannaɗe kamar an gasa shi. Masu shanu suna wucewa kudu da dabbobin da ana ƙirga haƙarƙarinsu. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya, da safe sai kunu mai ruwa-ruwa. Wata rana na ga tashoshin jirgi babu fasinja ko ɗaya, na tambayi Safiya, ta ce duk sun sauka. Ɓawon gyaɗar na gani a bayan tukunyar ruwa.

Abin da ya fi ciwo shi ne hadarin yana zuwa. Da yamma gabas sai ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, kaji su shige akurki, mata su fito da tukwane. Mu kuma mu yi abin da muka saba, mu ja tamfol. Kafin mu gama danne duwatsu iskar ta juya, hadarin ya yayyage ya bi yamma, ko ɗigo babu. Ya faru, ya sake faruwa. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar da Gwaggo Tabawa ta shigo neman garwashi, ta ƙi zama, ta tsaya tana duban layin ta wutsiyar ido.

"Rakiya, ni dai tsohuwa ce, abin da na ji nake faɗa."

"Me kika ji, Gwaggo?"

"An ce maigidanki ba ya son ruwa ya taɓa masa kayan wasa. An ce da ya ja wannan baƙin mayafi hadari yake watsewa. Wai akwai laya a cikin kan jirgin, daga Nguru ya zo da ita."

"Subhanallahi. Gwaggo, wa yake riƙe ruwa in ba Allah ba?"

"Haka ne, 'yar malam. Amma ai kin san masu buga tubali ma ana cewa suna ɗaure shi in ba su gama gini ba. Ni ban ce na yarda ba."

Ta karɓi garwashinta ta fita, ba ta sake shigowa kallo ba. Sauran matan ma suka ɗauke ƙafa.

Aka sa ranar roƙon ruwa a filin idi. Na wanke masa tsohuwar rigarsa, ya tafi a hankali yana hutawa a hanya. Ya dawo ya shiga rumfa ya juya wa ƙofa baya. Baffa Habu ne ya biyo shi, ya yi sallama ya tsaya daga zaure ya ce in fito. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Rakiya, yau an bar wa ƙanena fili a sahu. Dama da hagu. Ni na bar wurina na je na haɗa kafaɗa da shi, ɗaya gefen har aka sallame ba wanda ya cike."

Na dube shi na tambaya.

"Yaya, kai ma ka yarda da maganar nan?"

"Da na yarda da ban tsaya kusa da shi ba. Amma mutane sun binne iri sau biyu, yara suna kwana da yunwa. Na yi masa magana ya ce in bar shi. Ke yake ji."

Ranar kasuwar Ajingi na shiga mota na tafi wurin kakanku, mahaifina. Na same shi a zaure da ɗalibansa, ya sallame su, na faɗa masa komai. Na so ya ce mini in koma in toshe kunne. Sai ya ajiye carbinsa ya fuskance ni.

"Zancen banza ne, kuma mai faɗinsa ya nemi gafara. In ana so in zo Gaya in faɗa a masallaci, zan zo. Amma na san mutane, Rakiya, mai jin yunwa zai ce mini na'am ya koma da abin da ke ransa. Yaya ƙirjin nasa?"

"Da sauƙi, Baba."

"Gaskiya nake tambaya."

"Har jini yake fitarwa wani lokaci."

Na gane abin da ya sa ya yi tambayar, na yi masa sallama. A motar dawowa abin da nake gani a idona shi ne wannan fili da aka bari a sahu. Na san babanku ba mai daɗewa ba ne. Na tuna yadda ake fitar da gawa a unguwarmu, maza su cika ƙofar gida har lungu, ana rige-rigen ɗaukar makara. Na ce a raina, in aka bar masa fili yana raye, ranar da aka shimfiɗa shi a gaba wa zai tsaya? A gefe guda kuma na san abin da ya mayar masa da cin tuwo. Duk wanda na zaɓa, wani abu nasa zan karɓe.

Washegari da hantsi na kai masa kunu a rumfa. Yana gyara hannun siginar Gagarawa da ya karye. Na zauna a gefen tabarma, abin da ban saba yi ba da rana.

"Malam, alfarma nake nema."

"Tamfol ɗin ne, ko?"

Ashe ya sani. Na ce masa ba don na yarda da su ba ne, Allah shi ne shaida. Na ce ina so duk ranar da ya tsaya a sahu ya ji kafaɗa dama da hagu. Ban ambaci ɗaya ranar ba, amma ya dube ni yadda na san ya ji ta.

"Kin san ruwa ɗaya ya ishe shi. Yumɓu ne ɗanye, ba a gasa ba."

"Na sani. Ko kan jirgin da taragun mu shigar ɗaki, su ai ana ɗauka."

"In na ɓoye kan jirgin, cewa za a yi layar na ɓoye. A bar shi a inda kowa zai gani."

Ya ƙarasa gyaran siginar tukuna, ya ja zaren ya ga hannun ya ɗaga daidai. Sannan ya ce in taya shi naɗe tamfol. Ya aika aka kira Baffa Habu, ya ce ya ɗauka ya kai masallaci a yi wa masu alwala inuwa, kuma ya bi ta bakin kasuwa. Wannan shi ne duk hannun Baffanku a cikin maganar: ya ɗauki tamfol a ka, yana tafe yana share ido da hannun riga. Kada in sake jin wani a cikinku ya zage shi a kabari.

Ga kuma abin da ba a faɗa muku. Bayan an fitar da tamfol hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, layin yana nan a buɗe, sama tana kallonsa. Ba wanda ya lissafa wannan. Amma da ruwan ya zo daga baya, sai aka ce, to kun gani. Ruwan ma bai ceci gero ba, ya makara, ɗan wake kawai aka samu da harawa. Wasu suka riƙa yi wa babanku godiya a hanya, wai ya taimaki gari, kuma wannan godiyar ta fi zagin yi masa ciwo. Sai dai ya ce Allah ya sa mu dace, ya wuce.

Sahu kuwa ya cike. Bai sake ɗaukar almakashina ba. Na tara masa gwangwani, na ajiye masa kara mai kyau da kaka, ya ce in hura wuta da shi. Tuwo ya koma dawowa da ɗan gutsure a gefe. Kafin wata damina ta kewayo Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, kansa a cinyar Baffa Habu. Ina daga cikin ɗaki, amma na ji takun mutane kamar ranar idi. Aka ce mini sahu ya kai har gindin rimin kasuwa, liman ya yi ta cewa a matsa. Abin da na nema masa ke nan, kuma na samu. Da za a mayar da ni wannan hantsi, alfarmar nan dai ita zan sake nema. Amma ban taɓa cewa kyauta na same ta ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta da tari.

Na bar ranar ruwan sai ƙarshe, don ita ce nake gani in na rufe ido. Bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi kamar kullum, ba wanda ya ko fito da tukunya, an gaji da sa rai. Sai na ji ɗigo a kan kwanon da na kife, ɗaya, sannan wani, sannan ƙamshin ƙasa ya taso. Kafin in kwashe shanya ruwa ya kece. Unguwa ta ɗauki kabbara, yara suka fita tsirara suna tsalle a lungu. Babanku ya fito bakin rumfa ya ɗaga hannuwansa sama, leɓensa yana motsi. Na san hamdala yake yi, don shi ma ya ga yunwar 'ya'yansa. Sannan ya sauke hannu ya dubi layin.

Farar ƙasar tashoshin ce ta fara zuba. Rufin Malam Madori ya lotsa. Kukar Taura ta ƙara karkata gabas, ta kwanta. Dalar gyaɗar da na ɗinka ta zube, 'yan buhunhunan suka watse a cikin taɓo, shunin kogi ya bi ruwa ya yi tsakar gida shuɗi. Na ce ya shiga ciki saboda ƙirjinsa, bai ji ni ba. Na ɗauko zane na yafa masa, na tsaya a bayansa da Safiya a jikina. Ruwan indararo ya haɗu da na tsakar gida ya zama ƙorama a gindin katanga, daidai inda layin ya bi, ya cinye tudun yumɓun daga ƙasa. Jirgin yana tsaye a tashar Kano, taragunsa a ɗaure da juna, zarensa a naɗe a kan bututu. Kara ba ya nutsewa. Sai muka ga taragun sun ɗaga, kan jirgin ya yi rawa, ya juya hanci, duka suka bi ruwan a jere. Ya wuce inda Ringim take, ya zagaya lemun tsami ba tare da ya kife ba, ya miƙe ya nufi rariyar da ke fitar da ruwa waje.

Babanku ya bi shi da ido har ya shige. Ni hawaye ya hana ni gani sosai. Safiya ta ja mini zane, fuskarta duk murna, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada jirgin ya ji ya tsaya.

"Inna, kin gani? Yau ba wanda ya ja shi."